Ka Bar Urushalima Ka Hau Jirgin Juma'a

Anaca, ranar Talata,
cikin watan Oktoba, 1966.

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take; zuwa ga ruwan randata mai sanyi, wanda muryarsa ta fi mini kukan kanari daɗi, wanda murmushinsa ke wanke mini gajiyar kasuwa; malamina, abin alfaharina, angona na gobe, in har ka yarda ka ga goben.

Ina gaishe ka irin gaisuwar da busasshiyar ƙasa ke yi wa ruwan farko. Ina kwana, ina gajiya, yaya zaman Inugu a wannan hali da muke ciki? Inna tana gaishe ka, matan ƙungiyar waƙa ma da suka rage suna gaishe ka. To, na sauke nauyin gaisuwa, kada gobe a ce ba a yi mini tarbiyya ba. Yanzu ka gyara zama, domin abin da ke tafe ba mai daɗin ji ba ne.

Shekara biyu ke nan ban taɓa kama sunanka a bakina ba. Malam nake ce maka a gaban mutane, Malam nake ce maka ko mu biyu ne, don kunya da girmamawa. Yau kunyar ta ƙare. Dogara! Dogara, kana cikin hankalinka kuwa?

Falalu direba ya kawo mini wasiƙarka jiya da rana. Na goge hannuna da zane, na koma bayan buhunan albasa, zuciyata na dukan uku-uku, ina cewa a raina ga shi nan zai faɗa mini ranar tafiya. Shafi uku ka cika! Shafi uku, kuma layi ɗaya tak ka ba ni, wai kana fata ina lafiya. Sauran duk waƙarka ta Urushalima ce: inda maza za su sassauta murya, inda zan ja numfashi kafin in shiga, da umarnin in zo Inugu ranar Asabar a yi gwaji na ƙarshe, a rera ranar Lahadi. Haba! Kai kaɗai ne ba ka ji sanarwar da aka yi ba? An ce duk wanda ba ɗan Gabas ba ya tattara ya koma ƙasarsu, ba wanda zai ɗauki alhakin ransa in ya zauna. Falalu ya ce jirgin ƙasan da zai kwashi 'yan Arewa daga Inugu ranar Juma'a zai tashi, kuma ba wanda ya san ko akwai wani bayansa. Jirgi Juma'a, waƙarka Lahadi. Kwana biyu ne tsakani, kuma a kan kwana biyun nan kake so ka jefar da ranka. Ka rubuta mini da hannunka cewa ba za ka hau ba.

Na karanta layin nan sau huɗu ko zai canza. Bai canza ba.

Kai, ni Yelwa na ga ta kaina! Da na san haka mai waƙa yake, da ranar nan a kasuwar Ochanja na yi gum da bakina. Ka tuna? Ina tsaye a kan buhu ina ƙwala wa wani ɗan dako kira, ya ɗauki kayana ya nufi wata rumfar da ba tawa ba. Na juyo sai ga wani dogon mutum da rigar ma'aikatan reluwe, baki buɗe, ya zuba mini ido kamar ya ga aljana. Na ɗauka albasa kake so. Ashe roƙona za ka yi in sake ƙwala kiran nan, daidai yadda na yi shi. Ka zaro ɗan ƙarfen nan naka mai baki biyu na auna murya, ka buga a gwiwa, ka kara a kunne, ka lumshe ido a tsakiyar kasuwa, amalanke na neman take ka. Matan layinmu suka yi ta dariya har da riƙe ciki, Mama Nkechi maƙwabciyata ta tambaye ni da Igbo ko wannan ɗan'uwan nawa yana da lafiya. Na ce mata ban san shi ba. Na koma gida ranar ina jin haushinka, kuma ina Allah-Allah ka dawo. Ka dawo ranar kasuwa ta gaba, ba ka sayi ko albasa ɗaya ba.

Tun daga ranar na shiga cikin wannan aiki naka, ban kuma taɓa raina shi ba, Allah ne shaida. Wa ya taɓa jin irinsa a bakinmu? Tarihin birni mai tsarki tun daga farko har ƙarshe, da Hausa, a cikin waƙa guda mai kashi huɗu: yadda Dauda ya ci birnin ya mai da shi nasa, yadda Sulemanu ya gina Haikali, yadda aka ƙone shi aka kora mutanensa zuwa Babila, da yadda Nehemiya ya dawo ya ta da garu. Mu 'yan tsiraru ne, Hausawa masu zuwa majami'a a ƙasar nan, ba garin da muka isa mu cika ƙungiyar mawaƙa mu kaɗai. Sai ka raba mu gari uku. Masu kaurin murya abokan aikinka na reluwe a Inugu. Masu matsakaiciya 'yan dakon bakin jirgin ruwa a Fatakwal, a hannun Gimba. Mu mata masu siririyar murya a nan Anaca. Duk hutun da ka samu kana kan hanya, yau kana Fatakwal kana kaɗa wa ƙarti hannu, wani makon kana nan kana fama da mu a ƙarƙashin mangwaro. Shekara biyu kowane gari yana rera rabonsa, yana barin gurbin sauran, muna yin shiru muna ƙirga bugu a inda ka ce maza za su shigo, alhali ba mu taɓa jin abin da mazan ke cewa ba. Ba mahalukin da ya taɓa jin waƙar nan a haɗe sai kai, a cikin kanka. Na san abin da ke cinka ke nan. Kana so ka ji ta da kunnenka sau ɗaya. Na sani, ya masoyina, na sani, kuma sanin bai rage mini fushi ko kaɗan ba.

Ka tuna yammacin da ka kai ni bakin Kwara, can ƙasa da sabuwar gada, ka koya mini kukan birnin? Ka ce a kashi na uku kowa zai yi shiru, ni kaɗai zan tsaya a matsayin Urushalima, mace wadda aka kwashe wa 'ya'ya. Ba ka rubuta shi a littafinka na do-re-mi ba, ka ce a kan maƙogwarona ka ɗinka shi, takarda ba za ta iya ɗaukarsa ba. Ka rera layi, in maimaita, ka girgiza kai, in sake. Masu kwalekwale suka daina tuƙi suna kallonmu. Da na kai ƙarshe na ga idonka ya cika, ka juya kana yi kamar wani abu ne ya faɗa maka a ido. A ranar ka ce za ka turo manya wajen Inna. Wayyo, Dogara, ranar nan ji na yi kamar kogin gaba ɗaya a ƙirjina yake gudu! Ban san kukan da kake koya mini nawa ba ne, na kaina, kuma kai za ka sa ni yin sa.

To, bari in tambaye ka, tunda kai ba ka tambayi kanka ba. Wa zai rera maka ranar Lahadi? Mutanen Fatakwal? An watsa unguwarsu tun makon jiya. Wasu sun iso nan a ƙafa, ƙafafu a kumbure, kuma har yau ba wanda ya ce ya ga Gimba, matarsa tana nan gidanmu ba ta ci ba ta sha. A shafi uku ba ka tambayi Gimba ba! Ka dai rubuta cewa in 'yan Fatakwal ba su samu zuwa ba za ka raba rabonsu ga mutum biyu daga cikin naka. Tir! Mutumin da ya bar dako yana biyo ka da muryarsa shekara biyu, yau ya zama gurbin da za a cike? Mu kuwa matan Anaca, mu goma sha huɗu ne da, yanzu mu biyar muka rage, kowace ta ɗaure kayanta a zane tana zaune a kai. Kana so in je in ce musu su kwance, Malam yana kira a zo gwaji? Da wane baki?

Sai kuma maganar Ogbonna, wadda ita ce ta fi ƙona mini rai. Ka rubuta kana murna wai ya yarda zai taka muku ogan, abin kiɗan majami'a. Bawan Allah nan da aka haifa a Zariya, wanda Hausarsa ta fi tawa, wanda ya bar majami'ar mutanensa ya zo yana kaɗa mana don yana son waƙar garin da ya tashi. Falalu ya faɗa mini kwana uku Ogbonna ya yi yana sintiri a tasha yana duba jiragen da ke saukowa daga Arewa, yana ɗaga mayafin da aka rufe mutane da shi, yana neman ƙanwarsa. Ya samu 'ya'yanta biyu, ita bai same ta ba. Allah wadai da waɗanda suka yi wannan aiki a garuruwanmu! Allah wadai da hannun da ya ɗaga adda a kan maƙwabcin da suka ci tuwo a kwano ɗaya! Sun kashe bayin Allah a can, sun kuma sa wuƙa a wuyanmu mu da ke nan, sun bar mu da kunyar da ba mu san inda za mu kai ta ba. Ni da nake sayar da albasa kusa da Mama Nkechi shekara shida, yau ba na iya haɗa ido da ita, ita kuwa ba abin da ta fasa, har abinci take ajiye mini. Kai kuma ka dubi Ogbonna a cikin wannan makoki ka roƙe shi ya zauna ya kaɗa maka yadda ake ƙone gari ana kwashe mutanensa, da harshen waɗanda suka ƙone nasa. Ya ce to, don yana jin nauyinka. Kai ba ka ji nauyinsa ba? Kuma in aka zo aka same shi a tsakiyarku, me kake tsammani 'yan'uwansa za su kira shi? Ba ranka kaɗai ka ɗora a kan waƙar nan ba.

An ce mini har yanzu da la'asar kuke gwaji a majami'arku ta unguwar Obiagu, tagogi a wangale, ƙarti takwas suna zabga Hausa da iyakar ƙarfinsu, ana ji har bakin titi. A garin da mutane ke raɗa wa 'ya'yansu kada su kuskura su ce ko sannu! Wai in an yi maka magana sai ka shafa aljihun gaba, inda katin baftismarka yake. Kati! Dogara, ka taɓa duba madubi? Zanen gidanku yana nan a kumatunka, uku nan uku nan, ana hango shi tun daga nesa. Wanda ya fito da gora yana neman fansar ɗan'uwansa, kana tsammani zai tsaya ya sa tabarau ya karanta kati? Ba zai tambaye ka ranar da kake zuwa sujada ba. Mu da muka saba, a gida a ce mun bi addinin baƙi, a nan a ce mu Hausawa ne, kai ne za ka manta da matsayinmu? Baba Na'Allah mai shanu, wanda bai taɓa taka ƙofar majami'a ba, shi ne ya aiko har sau biyu yana tambaya ko malamin waƙar nan ya samu hanyar fita. Shi ya damu da ranka, kai ko a jikinka.

Na san amsar da za ka ba ni, don ka rubuta ta har ka ja mata layi. Wa'adi. Wai ka durƙusa a gaban bagade ka yi wa Ubangiji alkawari ba za ka bar Inugu ba sai an rera Urushalima daga farko har ƙarshe, kuma mai tsoron Allah ba ya warware wa'adi. To, ni ba fasto ba ce, aji huɗu na yi na fito kasuwa, amma shekara biyu ina haddace labarin nan daga bakinka, bari in mayar maka da shi. Su wa suka ta da garun a kashi na huɗu? Waɗanda suka tsaya a cikin wuta suna taurin kai? Jikokin waɗanda suka fita ne, waɗanda suka bi hanya ba takalmi, suna kuka, suka rayu a baƙuwar ƙasa, suka haifi 'ya'ya suka ba su labari. Kai da kanka ka sa wa Annabi Irmiya layin da yake roƙon mutane su fita su tsira da ransu, ka ce a rera shi a hankali don ya shiga zuciya. Ya shiga tawa. Taka fa? Da duk sun yi irin naka, da waƙarka kashi uku ce, a toka za ta ƙare. Kuma da ka yi wa'adin, ƙungiya uku gare ka da ƙasa guda. Wanda ka yi wa alkawarin yana ganin abin da ya faru da su, ba sai an ba shi labari ba.

Ni fa? Ni ba ka yi mini alkawari ba? A gaban Inna ka yi shi, da kawuna, da dattawan ikkilisiya. Sau biyu aka karanta sanarwar aurenmu a majami'a, saura ɗaya. Wannan ba wa'adi ba ne? Ko don ni ba a gina ni da dutse ba, ba ni da garu ba ni da ƙofofi goma sha biyu, shi ya sa nawa ya zama mai sauƙin ajiyewa?

Kaico! Ina rubuta wannan ina so in tsane ka ko na minti ɗaya in huta, abin ya gagara. Ina fushi da kai, ina kuma kewar tafiyarka ta mai sauri kamar ana binka, da yadda kake kaɗa yatsa a kan gwiwa ko ana addu'a, da yadda kake ɓata fuska in mun yi kuskure sannan ka kasa riƙe dariya. Ya ruwan idona, ya abin da zuciyata ta zaɓa tun ba a tambaye ta ba, me zan yi da Arewa in ba ka cikinta? Wa zan nuna wa gidan kakata? Wa zai tsaya a bakin ƙofa yana yi mini gyaran murya ina daka? In ka mutu a Obiagu, waƙar ma ta mutu, ka san da haka? Littafinka rabin aiki ne, sauran yana kanka, kukan birnin kuma yana maƙogwarona. Ka fito da kan nan naka lafiya, ni kuma na yi maka alkawari duk garin da muka sauka zan bi gida-gida in tara maka mata, in koya musu rabonmu layi-layi yadda ka koya mana. Za mu nemi Gimba, in Allah ya sa yana raye. Ranar da ƙasa ta lafa za mu rubuta wa Ogbonna. Ko shekara goma za ta ɗauka, za ka ji ta a haɗe, da kunnenka, ina tsaye a gabanka da furfura ko babu.

Amma a Inugu, ranar Lahadin nan, ba zan rera ba. Ko baki ba zan buɗe ba. Kada ka jira ni ranar Asabar, kada ka ajiye mini wuri a benci.

Yanzu ga abin da na yanke, ban kuma rubuto don neman shawararka ba. Gobe da safe motar shanun Baba Na'Allah za ta haye gada da mutanen unguwarmu. Ya ba mu wuri biyu, ni da Inna. Na sa Inna a nata. Nawa na ba matar Gimba. Inna ta yi kuka, ta yi faɗa, ta kama zanena, na durƙusa na roƙe ta gafara, ban canza ba. Falalu zai kawo maka takardar nan gobe in ya zo kwasar iyalinsa. Ni kuwa ranar Alhamis zan biyo Mama Nkechi, ta yarda za ta raka ni har Inugu a matsayin 'yarta. A nan aka haife ni, fuskata ba zane, in na ɗaura zane irin nasu na juya harshe ba mai tare ni a hanya.

Ranar Juma'a tun da safe za ka same ni a tasha, a gindin tankin ruwa, da ƙullin kayana. Ba zan zo Obiagu in roƙe ka ba, na gama roƙo a cikin takardar nan. In ka zo, mu hau tare, ko a kan rufi ne. In ba ka zo ba, zan tsaya ina kallo har jirgin ya tashi ya bar ni. Sannan zan kwance ɗaurin aro in yi namu, in fito titi in tambayi hanyar majami'arku, kuma duk wanda ya yi mini magana, da Hausa zan amsa masa, da ƙarfi, yadda kuke yi da tagogi a buɗe. Tunda ka ce kati yana tsare mutum, ni ma ina da nawa, sai mu gwada shi tare.

Ka ce ranka naka ne da Ubangijinka, ka yi wa'adi da shi yadda ka so. To, ga nawa na ɗora a kai. Ka sake lissafi.

Ni ce taka, a cikin jirgi ko a kan titin Obiagu, wadda ba ta taɓa son wani ba kuma ba za ta fara ba, mai fushi da kai har wuya, mai ƙaunarka fiye da fushin,

Yelwa.